Waken Samaru da Masarar TELA: Wa Ke Tsaron Irin da Muke Shukawa?

A watan Janairun 2024 kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin irin shuka ya amince a fara sayar wa manoma masara iri huɗu da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Sunayensu SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, amma an fi saninsu da masarar TELA. Wata huɗu bayan haka, a Mayun 2024, Majalisar Wakilai ta nemi gwamnati ta dakatar da shigo da sababbin irin da ake kira GMO har sai ta gama bincike. Wani ɓangare na gwamnati ya ce a shuka, wani ɓangaren ya ce a dakata, manomi kuwa yana tsaye a tsakiya, ga damina ba ta jiran kowa.

'Yan'uwa, yawancin ikilisiyoyinmu a Arewa na manoma ne. Daga gona kuɗin makarantar yara ke fitowa, daga gona baiko ke fitowa, kuma abin da aka shuka a Yuni shi ne zai shiga tukunya a Disamba. Saƙonni suna ta yawo a WhatsApp, wasu na cewa wannan iri guba ne da aka kawo don a rage mu, wasu na cewa shi ne zai kawo ƙarshen yunwa. Ya kamata mu zauna mu duba abin da gwamnati ta yi a zahiri, da inda ta yi daidai, da inda ta bar ƙofa a buɗe.

Abin da aka yi wa irin

Mu ɗauki wake, tun da Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar kuma tana biye. Babbar abokiyar gaban wake a gona ita ce wata tsutsa da masana ke kira Maruca, wadda ke shiga fure da ɗanyen kwanso tana ci daga ciki. Masu bincike sun ce a shekarar da ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Shi ya sa mai noman wake yakan yi feshi sau shida, bakwai, har takwas kafin ya girbe. An daɗe ana neman irin waken da tsutsar ba ta iya ci a cikin dubban irin da aka tara, ba a samu wanda ya gamsar ba.

Akwai wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, sunanta Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Tana yin wani sinadari wanda idan tsutsa ta ci sai hanjinta ya huje ta mutu. Manoma a Turai da Amurka sun shafe shekaru da dama suna fesa ta a gonakinsu tun kafin a fara maganar GMO. Abin da masana suka yi shi ne ɗauko ɗan umarnin da ke sa ƙwayar ta yi wannan sinadari, suka sa shi cikin wake, don waken ya riƙa yin maganinsa da kansa. Cikin tsutsa kanwa-kanwa yake, kuma hanjinta yana da wuraren da sinadarin ke mannewa. Cikin mutum mai tsami ne, ba shi da waɗannan wurare, yana narkar da sinadarin kamar sauran abinci. Wannan shi ne dalilin da masana ke bayarwa idan sun ce abin da ya kashe tsutsa ba zai taɓa mai cin ƙosai ba.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ce ta ja ragamar aikin ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. An ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disambar wannan shekara da sunan SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da irin wannan wake, Gana kuma ta biyo baya da nata. Kafin waken, an riga an saki auduga mai Bt iri biyu a 2018. Ita kuma masarar TELA an yi ta ne domin tsutsar da ke huda karan masara, da sabuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara wadda ta ɓullo a Afirka ta Yamma a 2016.

Hannun gwamnati biyu

Gwamnati tana da hannu biyu a wannan al'amari, ɗaya na turawa, ɗaya na tsarewa. Hannun turawa shi ne hukumar NABDA da aka kafa a 2001 ƙarƙashin Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha, wadda yanzu ake kira NBRDA. Aikinta ta bunƙasa wannan fanni ta kuma tallata shi. Hannun tsarewa shi ne hukumar NBMA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa hannu a dokar kafa ta a Afrilun 2015, aka kuma yi wa dokar gyara a 2019 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari don ta haɗa da sababbin dabarun gyaran ƙwayoyin halitta. Tushen dokar kuwa yarjejeniyar Cartagena ce ta shekarar 2000, wadda Najeriya ta sa wa hannu, kuma ta wajabta wa kowace ƙasa ta auna haɗari kafin ta bar irin waɗannan halittu su shiga ƙasarta.

A rubuce, tsarin ba laifi. Ba wanda ya isa ya shigo da irin da aka sauya, ko ya gwada shi, ko ya sayar, sai da izinin NBMA, kuma doka ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya ƙetare. Bayan NBMA, sai kwamitin rajistar iri ya duba ko irin yana da amfani a gona. Majalisar kula da iri ta ƙasa, NASC, tana duba ingancin abin da ke cikin leda, NAFDAC kuma tana da alhakin abinci da magungunan ƙwari. Waken Samaru ya yi shekara goma yana bin waɗannan matakai. Wanda ya ce da dare aka shigo da shi a ɓoye bai faɗi gaskiya ba.

Amma mu lura da shekarun. An kafa mai turawa a 2001, mai tsarewa sai 2015. Bugu da ƙari, dokar ta ba hukumar da ke tallata fasahar kujera a cikin hukumar gudanarwar NBMA, abin da masu suka irin su ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey suka daɗe suna kuka da shi. Kukan nan yana da tushe. Ko a ƙauye ba a sa dillalin saniya ya zama shi ne mai duba lafiyarta. Wannan ba ya nufin an yi maguɗi a wani izini da aka bayar. Yana nufin an gina gidan yadda ko da alƙali ya yi adalci, za a samu mai shakka. Lokacin da HOMEF da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara kan izinin da aka ba kamfanin Monsanto a 2016, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kori ƙarar a 2018 bisa dalilin cewa an makara wajen shigar da ita. Ke nan kotu ba ta shiga cikin ainihin gardamar ba, tambayar kuma ta ci gaba da zama a zukatan mutane.

Tambayoyi uku da ake cakuɗawa

Yawancin rikicin da ake yi ya taso ne daga haɗa tambayoyi uku a tukunya ɗaya. Idan muka raba su, za mu ga amsoshinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce lafiyar mai ci. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona a Amurka, daga baya Ajantina da Barazil da Afirka ta Kudu, inda farar masarar da ake tuƙa abincin yau da kullum da ita yawancinta irin wannan ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke kasuwa sun wuce gwajin lafiya, kuma ba a ga sun cutar da jama'ar ƙasashen da suka amince da su ba. A 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta duba ɗaruruwan bincike, ba ta sami tabbatacciyar shaida cewa sun fi sauran abinci haɗari ba. Maganar cewa suna hana haihuwa ba ta da wata shaida a bayanta. Haka kuma allurar insulin da masu ciwon sukari ke yi, tun 1982 da wannan fasaha ake yin ta, rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariranmu ma haka. Abin da ya rage shi ne kowane sabon iri a gwada shi a kan kansa, domin lafiyar wake ba ta zama shaidar lafiyar wani abu da za a kawo gobe ba.

A gefe guda kuma akwai gubar da muka riga muka sani, wadda ba a cika yaɗa saƙonni a kanta ba. Matasanmu suna feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, wani ma da hannu yake gauraya magani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki, wato irin wanda 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kashe ƙwaro. Idan sabon wake ya rage feshi daga takwas zuwa biyu kamar yadda masu binciken suka ce, riba ce ga huhun manomi da aljihunsa. Sai dai a sani, Bt tsutsar gona kaɗai yake kashewa. Ba ya hana sauran ƙwarin da ke tsotson fure da kwanso, shi ya sa feshi biyun nan ya zama dole, kuma ba ya hana ƙwaron rumbu. Maganin ƙwaron rumbu shi ne buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba komai ba.

Tambaya ta biyu ita ce wa ya mallaki iri. A nan ne damuwar mutane ta fi nauyi, kuma a nan ne ya kamata mu fi buɗe ido. Ana cewa irin GMO ba ya tsirowa idan aka sake shuka shi. Gaskiyar ita ce an taɓa ƙirƙiro dabarar da za ta sa iri ya zama bakarare, amma duniya ta yi ca a kanta, aka dakatar da ita a shekarar 2000, ba a taɓa sayar da ita ga manoma ba. Waken SAMPEA 20-T yana tsirowa idan aka ajiye shi, domin wake kansa yake yi wa barbara. Masarar TELA kuwa 'yar aure ce, kuma kowace masara 'yar aure, ko an sauya mata ƙwayoyin halitta ko ba a sauya ba, amfaninta yana raguwa idan aka shuka 'ya'yanta. Manoman Saminaka da Funtuwa sun san wannan tun kafin a haifi TELA. Wanda ya koma 'yar aure ya shiga sayen iri kowace shekara ke nan, sai ya yi lissafi ko ƙarin buhunan da zai samu ya biya kuɗin iri da taki.

Umarnin Bt da ke cikin waken da masarar daga kamfanin Monsanto ya fito, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya saye a 2018. An ba AATF izinin amfani da shi ba tare da biyan kuɗin mallaka ba, kamfanonin iri na cikin gida ne kuma suke ninkawa su sayar. Wannan alheri ne, amma alherin da wani ya yi maka yau ba gado ba ne. Kuɗin binciken waken ya fito ne mafi yawa daga hukumar USAID, na masarar kuma daga gidauniyar Gates da abokan aikinta. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai doki ya ce ya sauka, nan zai sauka. Tun 2003 a Maputo shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, amma kasafin tarayyarmu na shekarun baya-bayan nan bai kai rabin haka ba. Gwamnatin da ke alfahari da cewa 'ya'yanta ne suka yi waken Samaru, ita ya kamata ta ɗauki nauyin ɗakunan gwajinsu. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri ta 2021, wadda har yanzu ake gardama kan iyakar 'yancin da ta bar wa ƙaramin manomi na ajiye irin da ke ƙarƙashin kariya, da ba maƙwabci, da sayarwa a kasuwar ƙauye. Wannan doka ta fi kusa da rumbunmu fiye da duk wata jita-jitar guba, amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa jin labarinta?

Tambaya ta uku ita ce wa zai ci gaba da sa ido bayan an saki iri. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun ba mu darasi. Sun fara noman auduga mai Bt a 2008, har ta mamaye fiye da rabin gonakin audugarsu. Feshi ya ragu, manoma da yawa sun ji daɗi. Amma zaren audugar ya gajarce, domin ba a yi aikin haɗa sabon umarnin da irin audugar ƙasar yadda ya kamata ba, ita kuwa audugar Burkina tsawon zarenta ne ya sa take da daraja a kasuwar duniya. Kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar kimanin sefa biliyan 48, a 2016 kuma aka daina noman ta. Ba wanda ya mutu don ya taɓa audugar. Asarar ta fito ne ta inda ba a sa ido ba.

Darasi na biyu daga tsutsar kanta yake. Idan gona duka Bt ce, 'yan tsirarun tsutsotsin da suka jure su ne za su hayayyafa, bayan wasu shekaru sai maganin ya daina ci. Haka ya faru da tsutsar karan masara a Afirka ta Kudu, haka ya faru da tsutsar auduga a Indiya. Dabarar jinkirta wannan ita ce a riƙa shuka irin gargajiya a gefen gonar, don tsutsotsin da ba su jure ba su ci gaba da haɗuwa da waɗanda suka jure. To, wa zai koya wa manomin da ke bayan dutse wannan? Malaman gona sun yi ƙaranci, a ƙauyuka da yawa an manta rabon da a ga ɗaya, ga rashin tsaro ya hana zuwa wasu wurare gaba ɗaya.

Mudu ba shi da lamba

Dokarmu ta ce a sa alama a kan kayan da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, domin mai saye ya san abin da yake saye. Wannan ya dace da manyan kantunan Abuja da Legas. Mu kuwa da mudu da tiya muke awo. Wake yana tashi daga gonaki ɗari ya haɗu a buhu ɗaya, ya bi ta Dawanau, wani ya gangara Kudu, wani ya tsallaka iyaka. Mai ƙosai da mai alale da mai ɗanwake ba su da inda za su manna takarda. Ke nan 'yancin zaɓi da doka ta yi alkawari bai isa ga talaka ba, kuma gara hukuma ta faɗi haka a fili da ta riƙa nuna kamar komai na tafiya daidai.

Inda alama za ta yi aiki shi ne a kan ledar iri. A nan ne manomi ke da iko ya ce ina so ko ba na so. A nan kuma haɗarin jabu yake: duk irin da ya yi suna, sai an sami wanda zai rina hatsi ya zuba a leda ya sayar da sunansa. Manomin da ya sayi jabun waken Bt zai rage feshi yana tsammani yana da kariya, sai tsutsa ta cinye gonar. Majalisar kula da iri ta fito da wata lamba da ake karcewa a jikin leda a tura ta waya don tantancewa. Abu ne mai kyau, amma sai an kama masu jabu an hukunta su a idon jama'a kafin ya yi tasiri.

Kada kuma jami'ai su ɗauka jahilci ne ya sa mutanen Arewa ke ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani binciken da aka sa yara kimanin 200 a ciki, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙara wa jita-jita ƙarfi lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili, amma a ƙarshe yara ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Rashin gaskiyar hukuma yana kashewa, jita-jita ma tana kashewa.

Ko zunubi ne?

Masu bi da yawa suna tambaya ko sauya iri shiga hurumin Allah ne. Wasu suna kawo Littafin Firistoci 19:19, inda aka hana Isra'ilawa shuka iri biyu a gona ɗaya. Ayar nan ita ce kuma ta hana sa tufafin da aka saƙa da zare iri biyu. Tana cikin dokokin da suka keɓe Isra'ila daga al'ummai, kuma da a ce tana kanmu a yau, da duk wanda ya shuka gero da wake a kunya ɗaya ya yi laifi, haka mai mangwaro ɗan aure. A Farawa 2:15 an sa mutum a gona domin aiki biyu, ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Nomewa ta ƙunshi yin amfani da hankalin da Mahalicci ya bayar, kamar yadda kakanninmu suka yi ta zaɓen zangarniya mai kyau suna ajiyewa har gero ya zama abin da yake a yau. Kiyayewa kuwa ta hana mu gaggawa da haɗama, ta kuma sa mu tambayi abin da zai faru da ƙasa da jikokinmu.

Saboda haka wanda ya shuka wannan iri bai yi zunubi ba, wanda lamirinsa bai kwanta ba ya ƙi shukawa shi ma bai yi laifi ba. Koyarwar Romawa sura 14 kan abinci ta isa ta hana mu raba zumunci a kan wake. Abin da yake zunubi a fili shi ne shaidar zur da ma'aunin algus. Wanda ya tura saƙon da bai tabbatar ba cewa wani masani ya sayar da al'ummarsa don a kashe ta, ya yi shaidar zur. Jami'in da ya ɓoye sakamakon gwaji, da dillalin da ya sayar da jabun iri, su ma sun riƙe ma'aunin da Karin Magana 11:1 ta ce abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Abin da ya kamata mu nema

Daga Majalisar Tarayya, a gyara dokar NBMA yadda hukumar da ke tallata fasahar ba za ta zauna a teburin masu yanke hukunci ba, a kuma ba manoma da masu saye kujera. Kiran a haramta komai gaba ɗaya ba zai taimaka ba, domin zai hukunta waken da aka yi shekara goma ana gwadawa tare da abin da ba a ma ƙirƙiro ba tukuna, kuma ba zai hana iri tsallako iyaka a ɓoye ba.

Daga NBMA, a riƙa buga sakamakon auna haɗari da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo kafin a ba da izini. Sanarwa a jaridar Turanci ba ta isa Zonkwa ko Biliri ko Michika ba. A kuma riƙa fitar da rahoto kowace shekara kan ko tsutsa ta fara jurewa, a ba jami'o'in da ba su da hannu a aikin kuɗi su yi nasu binciken.

Daga gwamnatocin jihohi, a ɗauki malaman gona a ba su abin hawa. Daga gwamnatin tarayya, a riƙe cibiyoyin bincike da kuɗin ƙasa. Muna da misali a gabanmu. Ɗakin yin allurar rigakafi na Yaba a Legas ya yi shekaru yana yin rigakafin agana da na shawara, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, har yau daga waje muke sayo rigakafin yaranmu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kuwa, wadda ke nan tun 1924, tana ci gaba da yin rigakafin shanu da kaji domin ba a bar ta ta mutu ba.

Mu kuma akwai namu aikin. Wanda zai gwada sabon iri ya saya a wurin dillali mai rajista, ya riƙe leda da rasit, ya fara da ɓangaren gona kaɗan, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya girbe, ya duba har yawan harawar da ya samu, sa'an nan ya gaya wa 'yan'uwa gaskiyar abin da ya gani ko mai daɗi ko marar daɗi. Kada kowa ya zubar da irin gidansu. Kananado da sauran waken gargajiya, da acca, da dauro, dukiya ce da ba a saye da kuɗi idan ta ɓace, kuma zumuntar mata da ƙungiyoyin manoma na ikilisiya za su iya zama ma'ajiyarta, musamman yanzu da rikici ke korar mutane daga ƙauyukansu su bar rumbuna a baya. Dattawa su gayyato malamin gona ko masani daga jami'a mafi kusa ya zo ya amsa tambayoyi bayan sujada, a kuma bar masu shakka su yi tambaya ba tare da an yi musu dariya ba. Idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi matsayinsa a kan dokar NBMA da dokar iri ta 2021, da nawa aka ware wa Samaru a kasafin bana.

Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba masananmu gaskiya, ya kuma sa albarka a abin da za mu shuka. Amin.